Shekara bakwai ba haihuwa, annabi ya ce cetona bai cika ba

Tambaya:

Baba Fasto, salama a cikin sunan Yesu. Ni matar aure ce a Samaru. A gidan masu bi aka haife ni, aka yi mini baftisma ina da shekara 16. Shekarata bakwai da aure, na yi ɓari sau biyu, daga nan shiru. Wata ƙawata ta kai ni wurin wani annabi a Sabon Gari. Yana ganina ya ce cetona bai cika ba, wai kakannina Maguzawa sun ƙulla alkawari da iskoki, la'anar ce take bina. Ya ce sai na shuka iri na naira dubu 150 kafin ya kwance ni. Na sayar da keken ɗinkina na ba shi dubu 60, maigidana bai sani ba. Tun ranar ba na iya addu'a, in na durƙusa sai in ji kamar da bango nake magana. Na fita gaba karɓar Yesu ya kai sau biyar. Baba, in na mutu yau ina za ni?

Amsa:

'Yata, salama. Sannu da wannan nauyi, sannu da rashin da kika yi har sau biyu. Kafin mu shiga komai, kada ki kai masa ragowar dubu 90 ɗin nan, ko sisin kwabo.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce babba, kuma amsarta ba ta da tsawo. In dogararki tana kan mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa, kin tuba kin ba da gaskiya gare shi, to wurinsa za ki. Kin san Afisawa 2:8-9 tun kina ajin baftisma, ba sai na koya miki ba: ta wurin alheri ne, baiwa ce ta Allah. Yahaya kuma ya faɗa a wasiƙarsa ta fari 5:13 cewa ya rubuta ne domin masu bi su sani suna da rai madawwami. Su sani, 'yata. Fita gaba sau biyar bai ƙara miki ceto ba, bai rage ba. Tsoro ne ya riƙa tashinki daga benci, na kuma san wanda ya shuka shi.

Yanzu ki bar ni in yi magana a kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin mako ba ya wucewa ban gamu da shi ba. An koya wa mutanenmu auna ceto da abin da ke hannu. Mai mota da 'ya'ya, Allah yana tare da shi. Mai ciwo, mai neman aiki, matar da ba ta haihu ba, to akwai saura a cetonta, sai an biya a ƙarasa. Buɗe Luka 1:6-7. An ce Zakariya da Alisabatu dukansu masu adalci ne a gaban Allah, ba abin zargi a tafiyarsu. Aya ta gaba kuma ta ce ba su da ɗa, Alisabatu bakarariya ce, har sun tsufa. Ayoyi biyu ne manne da juna, kamar an san za a yi irin annabinki a Sabon Gari. Da Alisabatu ta shiga hannunsa, da ya ce kakanninta ne, alhali daga zuriyar Haruna take.

Batun kakanni kuma, wa ya gaya masa ku Maguzawa ne? Ƙawarki ce, ko sunan garinku da kika faɗa a bakin ƙofa wa yaron da ke rubuta sunaye. Babu wahayi a nan. In kin bi salsalar masu bi na ƙasar nan, kowa zai tarar da kaka mai tsafi ko mai bori, har da ni da ke rubuta miki. In la'anar kakanni tana tsallake jinin Almasihu, ba wanda ya tsira a Afirka duka, har shi annabin. Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'ana da ya zama la'ana dominmu. Da almajirai suka ga makahon nan a Yahaya 9 suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ɗaya daga ciki.

Tarihin garin nan ma ya ishe mu. Likita Mila da mutanen CMS, wato 'yan mishan na Anglican, sun fara aiki a cikin birnin Zariya kafin a koma Wusasa a 1929. A zamaninsu ne waɗansu daga zuriyar Isawa, wata ƙungiyar Musulmi mai girmama Annabi Isa ƙwarai, suka karɓi bishara, aka kafa musu zama a Gimi. Me ya biyo baya? Ciwon barci ya shiga garin ya kwashe mutane da yawa, garin ya watse. Za mu ce cetonsu bai cika ba ke nan? Jikokin waɗanda suka tsira suna nan suna sujada har yau. Walter Gowans, ɗaya daga samari uku da suka fara aikin da ya haifi ECWA, a Girku ya mutu a 1894, shekara guda bayan isowarsu, bai ga amfanin gonar da ya shuka ba. Kuma Littafi Mai Tsarki cikakke yana hannunmu da Hausa tun 1932. Amma a ce har yanzu mutum ya saka farar kwat ya riƙe makirfo, sai mu rufe littafin mu buɗe jaka.

Kwanaki wata uwa ta kawo mini kwalbar man da aka sayar mata. Man zaitun ne na kanti, an ɓare takardar kamfanin an manna hoton annabin da gam, gefe ɗaya ma bai kama ba, ana hango tsohon rubutun a ƙasa. Wannan dai kuɗi ne kawai ya tafi. Wanda ba na mantawa shi ne wani dattijo mai ciwon suga da aka ce masa shan magani rashin bangaskiya ne. Ya ajiye allurarsa, ya shiga azumin kwana bakwai. Ni na tsaya a bakin kabarinsa. Annabin bai zo jana'iza ba, bai aiko da gaisuwa ba, sai labari muka ji wai mamacin ne ya yi shakka. Haka suke: in an warke aikinsu ne, in an mutu laifin mamaci ne. Boka ne da Littafi a hammata, bambancinsa da na ƙauye shi ne na ƙauye kaza yake karɓa.

Manzanni sun gamu da irinsu. A Ayyukan Manzanni 8 Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi yana so ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi. Elisha ya ƙi karɓar ko kwabo daga Na'aman, Gehazi ya bi bayansa a ɓoye ya karɓa, ya gama da kuturta. Cinikin takardun gafara ne ya tayar da Martin Luther a Jamus a 1517. Shekara 500 da ɗoriya, ga shi mun dawo da kasuwar, har da lambar asusun banki a jikin fosta.

Ba zan wanke namu hannun ba. Mu ma a manyan ikkilisiyoyi muna da laifi. Mutum ya mutu, iyali suna kuka, abin da za a fara tambaya shi ne ina katin zakkarsa, ya biya kuɗin gini ko bai biya ba. Yaron da ya ga haka zai tashi yana zaton a ofishin magatakarda ake buɗe ƙofar sama. Ɓarawon da ke kan gicciye ba shi da kati ko ɗaya, Yesu ya ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. Kuma matar da ba ta haihu ba, sau nawa muke zama mu saurare ta? A zumuntar mata ma wani lokaci habaici take sha. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Shi ya sa ban ga laifinki ba.

Addu'ar da ta bushe miki kuma, dalilinta a fili yake. An sa wani mutum tsakaninki da Ubanki, an nuna miki Allah kamar mai bin bashi, wa ke iya hira da mai binsa bashi? Matsakanci ɗaya ne, 1 Timoti 2:5 ta faɗi sunansa, Almasihu Yesu. Ki koma ɗakinki ki gaya wa Allah abin da kika gaya mini, da irin Hausar da kika rubuto. In kalmomi sun ƙi zuwa, ki karanta Zabura 13 da murya, Dawuda ma ya tambayi Allah har yaushe. Hannatu uwar Sama'ila, da take roƙon ɗa, leɓunanta kawai ke motsi, firist ya zaci ta bugu, amma an ji ta. Jin daɗi a zuciya yana zuwa yana tafiya kamar wutar lantarki, alkawarin yana nan inda yake. Ba zan kuma yi miki alkawarin ɗa ba, domin Allah bai ba ni wannan magana ba. Zan roƙa tare da ke.

Ki gaya wa maigidanki batun keken, yau ya fi gobe. In kina tsoro, ki ɗauki matar faston ikkilisiyarku ta zauna tare da ku. Sannan ku je asibiti ku biyu, domin shi ma ana duba shi. Ga asibitin koyarwa a Shika, ba nisa da ku, akwai likitocin mata. Ɓari sau biyu abu ne da suke bincike a kai, waɗansu dalilan kuma ana maganinsu. Ki tafi da duk takardun da aka ba ki lokacin ɓarin. Ƙawar taki kuma, ki nuna mata wannan amsa, don na tabbata ita ma tana biya.