Tambayi Likita: Shin A Sa Wa Mahaifina Bawul A Huhu?

Tambaya: Likita, ina fama da asma tun ina yarinya, kuma na ji an ce akwai wani bawul da ake sa wa mutum a huhu. Zai yi mini amfani? (Wata mai karatu daga Katsina)

Amsa: Ba zai yi miki ba, 'yar'uwa, domin bawul ɗin nan, wato ɗan ƙaramin murfi mai barin iska ta bi ta gefe ɗaya kawai, ba don asma aka ƙera shi ba. Ki riƙe maganin shaƙarki yadda aka rubuta miki, kuma duk ranar da kika shaƙi maganin amma numfashi ya ƙi daidaita, ki tafi asibiti a lokacin.

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 66, ya sha taba kusan shekara 40 kafin ya bari bara. An ce yana da COPD, wato daɗaɗɗen ciwon huhu mai toshe hanyoyin numfashi, yanzu ko alwala sai ya huta a tsakani, salla kuwa a zaune yake yi. Wani dillalin asibitocin Indiya ya ce idan muka kawo kuɗi za a sa masa bawul ya warke, har mun fara maganar sayar da gonar gado. Mu ci gaba? (Wani mai karatu daga Zariya)

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri. Malam, ina roƙonku kada ku sayar da komai tukuna, domin wanda ya yi muku alkawarin waraka bai faɗa muku gaskiya ba. Bawul ba ya gyara huhun da ya lalace, sauƙin numfashi kawai yake kawowa, shi ma ga waɗanda gwaji ya nuna sun dace.

An yi shi ne don nau'in COPD da muke kira emfisima, inda ƙananan jakunkunan iska na huhu suke yayyagewa, su daina matse iska su fitar da ita. Iska tana shiga ta maƙale, sashen da ya lalace ya kumbura kamar balan-balan, ya danne sashen da ke da sauran lafiya, ya kuma danne tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wanda shi ne babban naman da muke numfashi da shi. Ana sa majinyaci barci, a zura siririn bututu mai kyamara ta baki, a dasa bawul, galibi uku zuwa biyar, kowanne kamar ƙwayar gyaɗa, a hanyoyin da ke kai iska sashen da ya fi lalacewa. Suna barin tsohuwar iska da majina su fita, su hana sabuwa shiga, har sashen ya sace, sauran huhun ya samu wurin buɗewa. Ba a yanka ƙirji, kuma aikin bai cika wuce awa ɗaya ba.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da bawul iri biyu, masu suna Zephyr da Spiration, a 2018. A binciken da aka dogara da shi wajen amincewa da Zephyr, wanda ya ƙunshi majinyata 190, kusan 48 cikin 100 na waɗanda aka sa wa bawul sun samu ƙarin ƙarfin numfashi mai ma'ana bayan shekara ɗaya, alhali 17 cikin 100 ne suka samu haka cikin waɗanda aka bari a kan magani kaɗai. Wannan nasara ce ta gaske, amma ku lura cewa ko cikin zaɓaɓɓun majinyata ba kowa ya amfana ba.

Kafin a ce Baba ya dace, dole a yi masa gwajin busa iska, da awon yawan iskar da ke maƙale masa a ƙirji, da hoton CT na huhu, da gwajin tafiyar minti shida, a kuma duba zuciyarsa, a tabbatar babu tarin fuka. Akwai kuma sharaɗi mafi muhimmanci da dillalai ba sa ambatawa. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu, kuma a jikin mutane da yawa bangon da ya raba su bai cika ba, saboda haka ko an toshe ƙofar gaba, iska za ta bi ɓarauniyar hanya ta sake cika sashen. Mai irin wannan huhu ba zai ga amfanin bawul ba ko nawa ya biya. Ana gane hakan ne daga hoton, a tabbatar da wata na'ura mai suna Chartis.

Haɗarin ma ba ƙarami ba ne. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa aikin huhunsu yana hujewa, iska ta taru a cikin ƙirji, har sau da yawa sai an soka bututu ta tsakanin haƙarƙari an fitar da ita, kuma a binciken da na ambata mutum 4 cikin 128 da aka sa wa bawul sun rasu a kwana 45 na farko. Shi ya sa ake kwantar da majinyaci aƙalla kwana uku, kuma wanda huhunsa ya huje ba ya hawa jirgin sama sai ya warke. Ku tambayi kanku: idan bawul ya goce ko majina ta toshe shi bayan kun dawo gida, wa zai sake zura bututu ya gyara?

Shawarata ita ce ku fara kai Baba wurin ƙwararren likitan ƙirji a asibitin koyarwa, a duba yadda yake shaƙar maganinsa, a koya masa atisayen numfashi da tafiya, wanda shi ma sharaɗi ne kafin aikin, sannan a tura hoton huhunsa ga likitan da zai yi aikin da kansa, ba dillali ba. Idan kuwa leɓɓansa suka yi duhu, ko ya kasa kammala magana, ko ya fara ruɗewa, ku kai shi asibiti nan take.

Tambaya: Maigidana yana da ciwon huhu, wani mai magani ya ce masa ya daina shaƙar maganin asibiti domin yana kama jiki, ya ba shi saiwoyi ya riƙa turarawa yana lulluɓe da bargo. Yaya kake gani? (Wata Hajiya daga Damagaram)

Amsa: Hajiya, don Allah a kashe wannan garwashin yau. Yaya za a yi huhun da hayaƙi ya cinye a ce kuma hayaƙi ne maganinsa? Na taɓa karɓar wani dattijo da tsakar dare, rigarsa tana warin turaren saiwa, kafaɗunsa suna ɗagawa da kowane numfashi, maganin shaƙarsa kuwa yana aljihun ɗansa a cike, an hana shi taɓawa mako uku. Abin yana ƙona mini rai ƙwarai. Maganin shaƙa ba ya kama jiki, ciwon ne mai daɗewa, shi ya sa ake daɗewa a kansa. Ya koma kan maganinsa, ya ga likita a wannan makon, kuma idan numfashi ya tsananta kada a jira gari ya waye.

Tambaya: Idan an sa bawul bai yi amfani ba, ana iya cire shi? (Wani mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Ana cire shi da irin bututun da aka sa shi, amma likitan da ya san aikin ne kaɗai zai yi. Wanda aka sa wa bawul ya ji ciwon ƙirji farat ɗaya, ko zazzaɓi, ko ya ga jini a kaki, ya garzaya asibiti ya kuma faɗa musu cewa akwai bawul a huhunsa.