In taimin ya rikice maka, buɗe baki

Kana tambayata wai in aiki ya cije maka, ka kira ni ne ko ka yi ta fama kada a ce ba ka iya ba. Wa ya ce ka iya dama? Zauna, yaro.

Na taɓa riƙe wani yaro a garejin nan, hannunsa da kyau, amma ji da kai kamar shi ya ƙera motar. Aka kawo canjin bel ɗin taimin, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin motsin fistan da buɗewar bawul, ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi a injin. Zan fita, na ce ya kwance kawai ya jira ni. Gogan naka sai ya ɗaura sabon bel. Makin kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, bai zo daidai da na kiranshaf, sandar da fistan ke juyawa, ba, ya goce da haƙora uku ko huɗu, kuma ya gani da idonsa, shi da bakinsa ya faɗa daga baya. Ga manyansa a gefe, ga waya a aljihu, bai tambayi kowa ba. Da ma ya sa sifana ya juya injin zagaye 2 da hannu, ai da ya ji ya cije. Ina! Ki ɗin tayar da mota ya murɗa. Injin kuwa irin wanda bawul ke leƙawa inda fistan ke kaiwa ne, lokaci kaɗai ke raba su. Fistan ya daki bawul, suka lanƙwashe. Sai da muka sauke kan injin, sababbin bawul, sabon gasket, duk daga aljihuna. Mai motar da ya ga ƙofa a buɗe, ya ce na'urar sanyinsa ma mu muka kashe, abin da tun zuwansa ba ya aiki. Haka na biya don a rabu lafiya. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

Ni da furfurata, in matsala ta koma ta kwamfutar mota, mai wayarin nake kira ya jona na'urarsa ya karanto lambar matsalar. Me ya ragu a jikina? Ku yaran yanzu gara ku laɓe bayan mota kuna kallon bidiyon wani injin daban da ku ce "Oga, zo ka duba."

Amma kada ka zo mini da "ta ƙi tashi" kawai, ka ƙame. Faɗa mini me ka kwance, me ka taɓa, wace ƙara ka ji, kuma ka zo tun kafin hannunka ya kai ga ki. Tashi ka kwashe kayan nan, mai jar motar can yana hanya.