Tambaya da Amsa: Ƙidayar Kalmomi a Jawabin Shugaban Ƙasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin kammala digiri a kan kalmomin da shugaban ƙasa ya fi nanatawa a jawabinsa na shekara-shekara. Na zuba jawabi ɗaya na Turanci a manhaja, sai na ga "the" da "of" da "and" ne suka cika saman jerin. Ina na yi kuskure? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, ba ki yi kuskure ba, haka kowane rubutu yake. Tun shekarun 1930 masanin harshe George Zipf ya nuna cewa kalmar da ta fi yawa a rubutu tana fitowa kusan ninki biyu na wadda ke biye mata, kuma ƙananan kalmomin haɗi ne ke riƙe da waɗannan gurabe. Da jawabin Hausa ne, "da", "na" da "a" za ki tarar. Maganin shi ne ki ba manhajar jerin kalmomin da za ta tsallake. AntConc da Voyant Tools manhajojin ƙirga kalmomi ne na kyauta, duka biyun suna karɓar irin wannan jeri.

Sai dai ki duba jerin da kanki kafin ki yi amfani da shi. Yawancin waɗanda ake samu a shirye suna jefar da wakilan suna da kalmomin korewa, alhali ko shugaba ya fi cewa "ni" ko "mu" babban sakamako ne. In kuma aka cire korewa, "ba za mu ƙara haraji ba" ta koma alkawarin ƙarin haraji.

Ki tsaftace rubutun tukuna: ki cire kanun shafi, doguwar gaisuwar manyan baƙi, da alamar tafin masu sauraro da masu kwafe jawabi ke sakawa, ki ajiye shi a tsarin UTF-8, wato tsarin adana rubutu a kwamfuta da ke karɓar baƙaƙen harsuna daban-daban. In na Hausa ne, ki daidaita baƙaƙe masu ƙugiya, domin manhaja za ta raba "ƙasa" da "kasa" ko da abu ɗaya ake nufi. Haka za ta raba "gwamnati", "gwamnatin" da "gwamnatoci" gida uku, sai kin haɗa su da hannu.

TAMBAYA: Shugaba ya ambaci tsaro sau 24 bana, bara sau 15. Wannan bai nuna ya ƙara damuwa da tsaro ba? Daga wani ɗan jarida.

AMSA: Malam, sai mun san tsawon jawaban. A ce na bana kalma 6,000 ne, na bara 3,000. Ka raba adadin da jimillar kalmomi, ka ninka da 1,000: bana 4 ke nan, bara 5. Ashe raguwa ma ya yi. Nan ne rahotanni da yawa ke zamewa.

Jawabin shekara na shugabannin Amurka ya isa misali. Na George Washington a 1790 ya ɗan haura kalma 1,000 ne kawai, na Jimmy Carter a 1981 kuwa ya zarce 33,000, domin rubutacce ya aika wa Majalisa. Daga Thomas Jefferson a 1801 har zuwa lokacin da Woodrow Wilson ya dawo da tsayawa gaban Majalisa a 1913, duk a rubuce ake aikawa. Rahoton da aka rubuta don a karanta da jawabin da aka tsara don a saurara ba salonsu ɗaya ba, kada ka gwama su a ƙidaya guda.

Abu na biyu, ka ƙirga kalmomi bibbiyu da uku-uku da ke tafiya tare. "Tsaro" kaɗai bai faɗi komai ba, tunda akwai tsaron iyaka, akwai kasafin tsaro, akwai jami'an tsaro da ake yi wa ta'aziyya. Ka sa manhajar ta jero maka kowane wuri da kalmar ta fito tare da kalmomi biyar na gabanta da biyar na bayanta, ka karanta su ɗaya bayan ɗaya. Wannan mataki shi ne ainihin aikin, kuma shi aka fi tsallakewa a ruga zana hoton tarin kalmomi masu girma da ƙanana, wanda ba ya nuna yabo aka yi ko kuka.

Kalmar da ta fito ƙasa da sau biyar, kar ka gina hukunci a kanta. Ka kuma kwatanta jawabin bana da na shekarun baya aƙalla biyar, domin ta haka ne za ka gane kalmar da ta shigo sabuwa, da wadda aka saba ji kullum amma bana aka yi shiru a kanta.