Wai baƙar fata bai ƙirƙiro komai ba?

TAMBAYA: Anti barka da aiki. 'Yata ce 'yar JSS 2 ta dawo daga makaranta tana cewa wai komai na duniya Turawa ne suka ƙirƙiro, mu namu saye kawai, kuma kwanan nan na kama man bilicin a jakarta. Na yi faɗa har na gaji, don Allah me zan ce mata? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Sannu 'yar'uwa, ki ajiye faɗan nan tukuna, yarinya abin da ta ji take maimaitawa kuma ba wanda ya ba ta wani labarin daban.

Ki fara mata da na gida. Mohammed Bah Abba ya yi malanta a Jigawa, ɗan gidan maginan tukwane ne, ya ɗauki ƙaramar tukunyar ƙasa ya sa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan na bushewa yana janye zafi, sai ga gauta da tumatir da alayyafo suna daɗewa ba su lalace ba, babu firji babu wuta. A 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a kan haka. Kin ga sana'ar kakanni ce ya ɗora wa ilimin boko, kuma wallahi da tukwane biyu ku ma za ku iya gwadawa a tsakar gida, ta sa hannu ta ji sanyin da kanta.

Sai na ƙetare. Patricia Bath, likitar ido baƙar fata a Amurka, a 1988 ta yi rajistar na'urar da ke cire yanar ido da hasken leza. Ga Jelani Aliyu ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt. Ki nuna mata hotunansu a waya, ta ga kalar fatarsu.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, mu manya mu ke ɓata lamarin. A gabanta ake cewa amarya "fara tas" ce, a gidan suna ana leƙa kunnen jariri wai a ga ko zai yi baƙi, to me kike so ta ɗauka? Ki ja wa gwaggonninta kunne, masu kiran ta baƙa cikin wasa su daina.

Man kuwa ki karɓe yau ɗin nan, wasu akwai sinadarin makuri a ciki mai taɓa ƙoda, in fatar ta fara ja ko ƙuraje ki kai ta wajen likitan fata.