Amsar Goggo: Wa Ake Yi wa Take?

'Yata, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Saƙonki ya iso. Kin ce wani mai wa'azi a waya ya ce Shaiɗan ne shugaban mawaƙan sama kafin a jefo shi, wai mala'ikun da suka faɗo tare da shi suna ɓuya cikin kiɗa, har kina tunanin barin ƙungiyar mawaƙa. Kika tambaya ko shi ya sa iyayenmu suka hana ganga a majami'a. Da na karanta sai da na yi murmushi, amma da dare barci ya ƙi zuwa, don na san muryar da Allah ya ba ki.

Iyayenmu daga gidan bori suka fito, 'yata. A ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi, kafin bishara ta shigo, in ka ji garaya da caki da dare, ka san iskoki ake kira. Kowane iska da takensa: na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, na Inna daban. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi ya sa muka tashi muna rera waƙa daga Littafin Waƙoƙi da baki kawai, ko tafi sai a hankali.

A 1973, shekarar da naira ta shigo, shekarar fari, ina da shekara goma sha biyu. Akwai wani tsoho da ya yi wa 'yan bori kiɗa tun yana saurayi, ya tuba aka yi masa baftisma. Ranar godiyar kaka ba shi da ko damin gero da zai kawo, sai ya zo da garayarsa a naɗe cikin tsohon zane, ya roƙi dattawa su bar shi ya yi wa Allah godiya da ita. Aka yi ta shawara a gindin ɗorawa, daga ƙarshe aka yarda. Majami'armu ta jinka ce, a kan kututturan giginya muke zama. Ya fara kaɗawa yana waƙar yabo, har mata suna share hawaye. Can sai yatsunsa suka zame suka koma tsohuwar hanya, bakinsa na cewa Yesu, hannunsa na kaɗa taken Sarkin Rafi. Mu yara ba mu gane ba. Wata tsohuwa kusa da ni, wadda ta yi bori da can, na ga gyalenta yana karkarwa, gumi yana tsattsafo mata a goshi, ta toshe kunnuwa tana kiran sunan Yesu. Tsohon ya ɗaga kai ya gan ta, nan take ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiya. Wuri ya yi tsit, sai kukan kurciya a waje. Shi ma ya fashe da kuka.

Wasu suka ce a ƙone garayar a ranar. Kakanki bai yarda ba. Ya ce, "Ƙwarya ce da fata da tsirkiya, ba ta san kowa ba. Take shi ne kira, kowane take kuwa da mai amsa shi." Ya buɗe 1 Sama'ila 16:23, inda Dawuda ya kaɗa garaya mugun ruhu ya rabu da Saul. Amma ya ƙara da 1 Korantiyawa 8, ya ce abin da zai sa ɗan'uwa tuntuɓe a ajiye shi. Tsohon ya rataye garayarsa kusan shekara biyu, yana koyon sababbin kiɗa a gona shi kaɗai. Ranar da ya dawo da ita, tsohuwar nan ce ta fara yi masa guɗa. Daga baya mu ma a Zumuntar Mata muka shigo da tulu da ganga da caki.

Maganar mai wa'azinki kuwa, ɗauki Littafi Mai Tsarki ki duba da idonki. Ezekiyel 28 makoki ne a kan Sarkin Taya, Ishaya 14 kuma habaici ne ga Sarkin Babila. Tun dā masana da yawa suna ganin hoton faɗuwar Shaiɗan a wuraren nan biyu, ban musa ba. Zancen kiɗan daga aya ta 13 ta Ezekiyel 28 aka ɗauko shi, inda tsohuwar fassarar Turanci ta 1611 ta ambaci ganguna da sarewa, fassarori da yawa na baya kuma suka fahimci kalmomin a kan aikin zinariyar da ake dasa duwatsu masu daraja a ciki. Ba ayar da ta ce shugaban mawaƙa ne. Faɗuwar mala'iku tana nan a Yahuza 6 da 2 Bitrus 2:4 da Wahayin Yahaya 12, ba inda aka haɗa ta da ganga.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, waƙa ta shiga kunnenku tun asuba ba ku tsaya kun ji abin da take faɗa ba, sai wani ya tsorata ku ku zubar da komai a rana ɗaya. Ko a majami'a na ji waƙoƙin da Shaiɗan da maƙiya suka cinye rabinsu, sunan Yesu sau ɗaya tak. Mu sai dattijo ya saurari sabuwar waƙa baiti baiti kafin a rera ta ranar Lahadi.

Kada ki yanke shawara kan mawaƙa tukuna. In kin zo Kirsimeti ki taho da wayar, mu zauna a ƙarƙashin rumfa ki kunna mini waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Garayar nan tana wajen jikan tsohon har yau, zan aika a kawo ki gan ta. Ki gaida babanki, ki ce masa ƙafar da sauƙi.