Lambun Gida: Me Ya Sa Reshen Fulawata Yake Ruɓewa a Ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Maƙwabciyata tana da wata fulawa mai yaɗo, ganyenta kore da ratsin rawaya, masu sayar da fulawa suna ce mata fotos. Ta ce min in an yanki reshe aka tsoma a ruwa, saiwa yake yi. Na farko da na saka a gora, kafin mako ya yi baƙi, ruwan ya soma wari. Na biyu ganye ɗaya na tsinko, yau wata biyu yana nan kore shar amma ko alamar saiwa babu. Ga shi kuma surukata ta ce in zubar, wai sauro nake kiwo. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Maƙwabciyarki gaskiya ta faɗa miki, Hajiya surukarki ma gaskiya ta faɗa, zan zo kan maganarta. Bari mu fara da ganyen nan da ya ƙi yin saiwa, don a nan ainihin matsalar take.

Ki koma wajen fulawar ki kama reshe ɗaya ki dube shi da kyau. Duk inda ganye ya fito daga jikin reshen za ki ga wurin ya ɗan kumbura, sau da yawa ma akwai wani ɗan ƙullutu mai ruwan ƙasa a gefensa. Wannan ita ce gaɓa. Daga nan saiwa take fitowa, daga nan kuma sabon toho yake fashewa. Duk wanda ya taɓa dasa rake ko rogo ya san ba a binne guntun da ba shi da ido, to haka abin yake a nan. Ke ganye kika tsinko da ɗan sandansa, kika bar gaɓar a jikin uwar. Irin wannan ganye zai yi ta shan ruwa yana zaune kore har watanni, amma ba zai taɓa zama shuka ba. Kada ki ƙara ɓata lokaci a kansa.

Ki samo sabuwar reza, ko almakashi mai kaifi da kika wanke da sabulu. Dakusasshiyar wuƙa tana murje bakin reshen, murjajjen wuri kuwa shi yake fara ruɓewa. Ki zaɓi reshe lafiyayye, ki yanki kamar tsawon santimita 10 zuwa 15, mai gaɓa biyu ko uku, yankan ya faɗo ɗan ƙasa kaɗan da gaɓar ƙarshe. Ki cire ganyen ƙasa ki bar ɗaya ko biyu a sama. Ki kuma lura da inda yake kai da inda yake gindi, domin sinadarin da ke sa saiwa ta fito daga saman shuka yake gangarowa ya taru a gindi. In kika kifa reshen, kin yi aikin banza.

Na farkon da ya ruɓe kuwa, ina kyautata zaton ganyensa ya nutse a ruwa, kuma ba a canza ruwan ba. Ganyen da ya nutse shi yake fara narkewa, ƙwayoyin cuta su samu abinci su hayayyafa, su shanye iskar da ke cikin ruwan. Mutane da yawa ba su san saiwa tana numfashi ba. Ruwan da ya daɗe a tsaye a gora mai ƙaramin baki, ga zafin Zariya, iskarsa ƙarewa take yi, shi ya sa kika ji wari. Gaɓa kaɗai za ta shiga ruwa, ganye yana waje. Duk bayan kwana uku ko huɗu ki zubar ki zuba sabo, in kin ji yauƙi a gindin reshen ki ɗauraye shi a hankali. In bakin ya soma baƙi, ki datse wurin har ki kai inda yake kore mai ƙwari, matuƙar akwai sauran gaɓa a sama.

Ni kwalbar gilashi mai faɗin baki nake amfani da ita, irin ta zuma ko ta mayonis, don tana wankuwa kuma ina ganin abin da ke faruwa a ciki. Ruwan sama ya fi kowanne. Na famfo ma ya yi, sai dai in kina jin warin magani a cikinsa ki tara a bokiti ya kwana a buɗe. Kada ki zuba taki ko sukari, reshen da bai yi saiwa ba babu abin da zai yi da su, ruwan kawai za su ɓata. Ki ajiye kwalbar a wuri mai haske amma ba inda rana take duka kai tsaye ba. Bakin taga ta yamma a watan Afrilu dafa reshen zai yi. Baranda mai inuwa ta fi.

Fotos takan nuna fararen saiwoyi cikin mako biyu zuwa uku in yanayi da ɗumi da laima. Da hunturu takan yi nawa, ganyen ma yakan yi yaushi saboda bushewar iska. In son samu ne, ki bari damina ta sauka.

Yanzu maganar Hajiya. Don Allah kada ki ɗauke ta da wasa. Akwai wani sauro baƙi mai fararen zane a ƙafafu, mai cizo da rana, wanda ba ya buƙatar kwata ko kududdufi. Ruwa mai tsabta a kwalba, ko tsohuwar taya, ko randar da ba a rufe ba, ya ishe shi. Shi ne yake yaɗa zazzaɓin shawara da na denge, kuma a ƙarshen 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓullar denge a Sakkwato, saboda haka ba labarin nesa ba ne. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. In kina canza ruwa duk kwana uku kin riga shi. Amma zubar da ruwan kaɗai bai wadatar ba, domin a jikin kwalbar yake manna ƙwansa, daidai saman ruwa, kuma ƙwan yana iya jure bushewa na watanni. Ki sa soso ki goge cikin kwalbar duk lokacin da kika canza. In za ki yi tafiya ta mako guda, ki bar wa wani amanar, ko ki toshe bakin kwalbar da auduga kewaye da reshen. Ki yi wa Hajiya wannan bayani, ki nuna mata kina wankewa, in sha Allahu hankalinta zai kwanta.

Da saiwa ta kai santimita 3 zuwa 5, lokacin dasawa ya yi. Na san akwai daɗin kallo, kuma fotos tana iya zama a ruwa tsawon lokaci, amma ni ba na ba da shawarar haka. Saiwar da ta girma a ruwa laushi gare ta, in ta yi tsawo sosai tana shan wahala kafin ta saba da ƙasa. Ki haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki a tukunya mai huda a gindi, ki dasa reshe uku ko huɗu tare don ta yi cika. Mako biyun farko ƙasar ta zauna da danshi kullum, a inuwa. Bayan nan sai kin taɓa saman ƙasar kin ji ya bushe sannan ki ba ta ruwa.

In kina son abin da zai ƙarfafa miki gwiwa da wuri, ki gwada na'a-na'a ko ɗoɗɗoya. Ko ɗaurin da kika sayo a kasuwa, in ɗanye ne, yakan yi saiwa cikin mako guda ko kaɗan fiye da haka, ga shi kuma za ki samu na shayi da na miya. Yaɗon dankali ma haka. Alobera kuwa kada ki sa ta a ruwa, ruɓewa za ta yi. 'Ya'yan da take fitarwa a gindi ake cirewa a dasa a ƙasa.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa: fotos ba a cin ta. Ruwan jikinta yana da wasu ƙananan tsinuka da ido ba ya gani, in yaro ya tauna ganyen bakinsa da harshensa za su yi zafi su kumbura. In akwai mai rarrafe a gidan, ko kyanwa, ki rataye tukunyar ko ki ɗora ta inda hannu ba ya kaiwa, kuma ki wanke hannunki bayan kin yanka.