Abin da ya sa ba na ɗibar iri a filin gwaji

Ka tambaye ni, ɗana, dalilin da ya sa na hana ka ware zangarniyar iri daga filin gwajin da muke yi tare da malaman bincike, alhali can ne geron ya fi kyau bana. Ba zan tsaya koya maka yadda ake auna fili ko ƙirga damma ba, domin wanda ya yi damina uku a hannuna bai san wannan ba, gara ya koma tallan goro a kasuwar Tawa.

Filin gwaji wurin kallo ne. Malaman cibiyoyin binciken noma, wato INRAN ta Nijar da ICRISAT da ke Sadore, suna kawo irin geronsu, kamar HKP, ko Chakti da aka fitar a 2018, mu kuma mu jera namu na gado kusa da shi, mu ga wanda ya jure ƙuduji da murzuna, wato tsutsar da ke cin zangarniya, sannan mata su daka su faɗi wanda ya fi dusa da wanda furarsa ta fi daɗi, kuma maganarsu ta sha rushe hukuncin sikeli. Amma gero ba ya tsare gidansa. Idan ya yi bununi, iska ce ke ɗaukar garin daga wannan layi zuwa wancan, saboda haka ƙwayar da ka gani cike a zangarniya ba ka san ubanta ba. Dawa tana da dama-dama, domin yawanci kanta take yi wa barbara, shi ya sa nake ƙyale ka ka zaɓa daga tsakiyar layin dawar da ake kira Mota.

Ni ma ban san haka a banza ba. A daminar da ta biyo bayan ɓarnar fara ta 2004, abin da ya rage mini na geron Gergera na mahaifina dami biyu ne rak, irin da shi da kansa ya yi shekaru yana zaɓe. Na shuka shi duka gefen irin gwaji don in nuna wa baƙin cewa namu ya fi nasu. Malamin gona ya ce in rage tiya guda a rumbu, na yi masa dariya, ina ganin yaron da aka haifa a gabana ba zai koya mini gero ba. Shekarar farko ban ga kome ba. A ta uku gonar ta zama kasuwa, wani dogo wani gajere, wani ya nuna tsuntsu na ci, wani ko bununi bai gama ba.

Sai na tafi Badagishiri wurin wani ɗan kasuwa da na taɓa bai wa irin nan kyauta sa'ad da ba shi da ko ƙwaya. Ya rantse mini cewa shi ne bai gauraya ba, ya karɓi kuɗina ninki biyu na farashin kasuwa, na sayar da tunkiya na biya. Da ya tsiro, rabinsa shibra ce, sauran kuwa geron ci ne da ya tattaro daga buhuna daban-daban. Har yau idan muka haɗu a wurin jana'iza ina amsa sallamarsa ne kawai saboda Allah. Wata tsohuwa a wajen Illela ce ta cece ni da rabin tiya, na yi damina huɗu ina tsince bare kafin ya dawo kama da na mahaifina, kuma ban ce ya dawo daidai ba.

Ku yaran yanzu, da kun ga hoton zangarniya a waya sai ku ce a zubar da na gida, ba ku da haƙurin damina biyu. Gobe da asuba ka tafi gonar tudu, wadda ba ta da maƙwabcin gero, ka bar layukan gefe, ka yanko daga tsakiya, ka kawo mini in duba kafin ka ɗaure.